Haɗa hasken fitilun mota: Yadda ake yi da haɗarinsa

A kan hanyar Katsina da ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, kamar sauran hanyoyin karkara marasa fitilun titi, direba da fitilar motarsa kaɗai yake dogaro da dare. Wannan ne ke sa wasu direbobi su nemi masu wayarin su sauya haɗin wayoyin motar, ta yadda hasken kusa da na nesa za su kama tare.

Yadda fitilar take

Ƙwan fitila samfurin H4, wanda ke cikin motoci da dama, zare biyu gare shi: na kusa mai wat 55 da na nesa mai wat 60. An tsara shi ne ta yadda idan ɗaya ya kama, ɗayan zai mutu. Idan aka haɗe su, ƙwai guda zai riƙa jan wat 115.

Illolin

Zafin kan ƙona ƙwan da wuri, ya narkar da mazauninsa. Idan kuma aka sa fis da ya fi ƙarfin wayar, tana iya kamawa da wuta.

Babban haɗarin shi ne kashe idon direban da ke tahowa, har ya kasa ganin mai babur ko dabbobi a gefen hanya.

Ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗura ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, sun buƙaci direba ya rage haske idan zai yi kiciɓis da wata mota.