Bagauda: otel ɗin da ya koma makarantar lauyoyi

1/ Yaran yanzu in ka ce Bagauda, makarantar horar da lauyoyi kawai suka sani. Amma fa wurin nan otel ne a da. Ku biyo ni.

2/ Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga a ƙasar Bebeji, kowacce da otel a gefenta: Bagauda Lake da Rock Castle. Ruwan ya shayar da gonaki, ya kuma jawo baƙi.

3/ Sai Agustan 1988. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. Rayuka suka salwanta, gidaje da gonaki suka tafi.

4/ Ka ɗauka kai ne manaja ranar. Ɗakuna da albashi suna hannunka, amma tafkin da baƙi ke zuwa dominsa ba naka ba ne, kuɗin gyara kuma sai gwamnati ta sa hannu.

5/ Otel ɗin bai ɗore ba. Yau ɗalibai ke cikin harabarsa.

6/ Wanda babansa ya yi aiki a can, don Allah ya ba mu labari.