Magdalena Abakanowicz da Saƙar da Ta Bar Jikin Bango

An haifi Magdalena Abakanowicz ran 20 ga watan Yuni, 1930, a Falenty, kusa da birnin Warso na ƙasar Polan. Iyayenta masu ƙasa ne da gandaye, ubanta kuwa asalinsa daga Tatar ya ke. Yaƙin Hitila ya tarar da ita tana da shekara 9. A 1943 wani sojan Jamus ya shigo gidansu a buge, ya harbi uwarta a gabanta, harsashin ya guntule mata hannu. Da yaƙi ya ƙare mulki ya koma hannun 'yan gurguzu, gandayen suka salwanta, zama ɗan babban gida kuma ya zama abin ɓoyewa.

Zane ta koya a makarantar fasaha ta Warso daga 1950 zuwa 1954. A lokacin nan hukuma ita ke faɗin abin da za a zana da yadda za a zana shi, watau ma'aikata da manoma cikin fara'a. Wannan bai kwanta mata ba. Da ta fita sai ta riƙa ɗinke zannuwan gado wuri guda, tana zana musu manyan tsirrai da halittun da babu irinsu. A 1960 aka shirya nuna aikinta a Warso, hukuma ta hana a buɗe ƙofa.

Amma fa wata tsohuwar masaƙiya, Maria Laszkiewicz, ta ga aikin. Ita ta sa sunanta cikin waɗanda za su wakilci Polan a taron masaƙa na farko a Lozan ta ƙasar Suwizalan a 1962, ta kuma ba ta aron babbar masaƙa da ke ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa. Abin da ta kai can tsawonsa kusan ƙafa 20 ne, ya kuwa tayar da gardama. Al'adar Faransa ita ce mai zane ya zana hoto, masaƙi ya kwafe shi da lallausan ulu, a rataya a bango. Mai zane ke da suna, masaƙi ɗan ƙwadago ne kurum. Ita kuwa ba ta bi zanen kowa ba, ta saƙa da zare mai kaushi yadda hannunta ya kai ta. A nan ne muhimmancinta ya ke, domin ta haɗa mai tunani da mai hannu cikin mutum ɗaya.

Talauci ma ya yi nasa aiki. Tsofaffin igiyoyin jiragen ruwa ta ke tarawa, na zaren sisal, wani tsiro mai kama da moda, ta warware su, ta wanke, ta rina. Da su ta saƙa abubuwan da aka laƙaba wa suna Abakan, daga sunanta. A 1965 ta sami lambar zinariya a Sao Paulo ta Birazil, a shekarar kuma ta fara koyarwa a Poznan, inda ta ci gaba da koyarwa har 1990. Wajen 1967 saƙar ta rabu da bango sarai: aka rataye ta daga rufi, ja ko baƙa ko ruwan ɗorawa, waɗansu sun haura ƙafa 12, masu tsagu da aljihuna har mutum ya iya shiga ciki. Mai karatu da ya saba ganin saƙi ya zama riga ko gwado zai yi mamakin tufar da ba ta suturta kowa, sai dai ta tsaya a gabansa kamar wata dabba. Ita kanta, saboda ƙuncin ɗakinta, sau da yawa ba ta ganin aikin a miƙe sai an rataye shi a wurin nuni.

Cikin shekarun 1970 ta gaji da a kira ta masaƙiya. Ta koma ga tsofaffin buhuna, tana jiƙa su da ƙaro, tana danna su a kan sifar jikin mutum har su bushe su sandare. Haka ta yi gadon baya 80 tsakanin 1976 da 1980: mutane ne a zaune, a duƙe, ba kai, ba hannu, cikinsu fayau. Waɗansu sun ce fursunonin yaƙi ne, waɗansu sun ce masu ibada. Ta ƙi ta tsayar musu da ma'ana guda, kuma ƙin nan daidai ne, gama daga nesa duk ɗaya su ke, sai an matso a ga kowane da irin tamojinsa. A 1980 ta wakilci Polan a Benis ta Italiya da ɗaruruwan ƙunsoshi masu taushi, kamar dankali ko ƙwai, manya da ƙanana.

Zanen bai mutu ba. Cikin shekarun 1980 ta koma zana jikuna da fuskoki da gawayi da fenti. Sa'an nan ta shiga tagulla da ƙarfe, ta kafa mutane 112 marasa kai a Poznan a 2002, da 106 a Shikago ta Amurka a 2006. Ko a jikin ƙarfen nan ana ganin kaushi irin na buhu da ɓawon itace. Ta rasu a Warso ran 20 ga watan Afrilu, 2017.