Henryk Tomaszewski da Fasahar Fosta a Ƙasar Poland

Henryk Tomaszewski (1914 zuwa 2005) mai zane ne ɗan ƙasar Poland, wanda ake ɗauka a matsayin jigon salon zanen fosta da ƙasar ta shahara da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A birnin Warsaw aka haife shi, a nan kuma ya yi karatu a Kwalejin Fasahar Zane daga 1934 zuwa 1939. Tun yana ɗalibi ya fara zanen barkwanci a mujallar Szpilki, kuma wannan horo na faɗin magana mai nauyi da layi biyu ko uku bai rabu da hannunsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yaƙi ya bar Warsaw kango. Harkar fim ta koma birnin Łódź, inda hukumar gwamnati mai rarraba finafinai ta nemi masu zana mata fosta. Tomaszewski da abokan aikinsa, Eryk Lipiński da Tadeusz Trepkowski, sun karɓi aikin bisa sharaɗin ba za su kwaikwayi tallar Amurka ba, wadda ke cika takarda da fuskokin taurari. Abin da ya ba su wannan dama shi ne yanayin ƙasar a lokacin: gidajen sinima na gwamnati ne, finafinai ba su da yawa, 'yan kallo kuwa ba sai an roƙe su ba. Tun da fosta ba ta da nauyin sayar da tikiti, sai mai zane ya sami sararin bayyana ruhin fim yadda ya fahimce shi. Ba a jima ba aka ga amfanin hakan, domin a 1948 Tomaszewski ya ci lambobin yabo na farko har biyar a baje kolin fostocin fim na duniya a Vienna.

Ba a ce babu takura ba. Daga 1949 gwamnatin gurguzu ta ɗora wa masu fasaha salon yabon ma'aikata da jam'iyya, masu tace rubutu kuma ba su daina sa ido ba ko bayan da aka sassauta a 1956. Sai dai masu fosta sun iya zagaye: sukan yi magana da alama da habaici, mai kallo ya gane, mai tacewa ya rasa inda zai kama. Shingayen katako da aka kewaye rusassun gine-gine da su suka zama wurin baje zane ga duk mai wucewa.

Ayyuka biyu sun isa nuna gwanintarsa. A 1959 ya zana fostar baje kolin Henry Moore, masassaƙin nan na Ingila. Shuɗin fili ne, ga kuma sunan Moore da fararen haruffa da aka yanko daga takarda da almakashi, bakinsu ba a daidaita ba, suna tsaye kamar gumakan da mutumin ke sassaƙawa, har ramukan cikin haruffan suna tuna wa mai kallo ramukan da Moore ke barin a jikin sassaƙarsa. Na biyun ya zo a 1983, don wasan kwaikwayo mai suna Historia na Witold Gombrowicz: ƙafa ce tsirara, yatsunta biyu a ware kamar alamar nasara. A lokacin, wannan alama ta magoya bayan ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność ce, wadda gwamnati ta haramta, don haka mutanen Warsaw ba su buƙaci mai fassara ba. A duka biyun da hannu ya yi haruffan, kuma ya cire duk abin da za a iya cirewa. Wannan ragewa ita ce ƙarfin aikinsa, domin tana girmama hankalin mai kallo, tana bar masa rabin aikin ya ƙarasa da kansa.

Mafi girman gadonsa, duk da haka, a aji yake. Ya koyar a kwalejin Warsaw daga 1952 zuwa 1985. Bai damu ɗalibi ya koyi hannunsa ba. Abin da yake nema shi ne tunani. Yakan ba da kalma ko jimla gajera, ya ce a mai da ita hoto, ya yi ta mayar da aikin har sai an kawar da duk wani ado marar dalili. Daga ajinsa Mieczysław Wasilewski da Lech Majewski suka fito. Daga Faransa kuma Pierre Bernard da Gérard Paris-Clavel sun zo sun yi karatu a wurinsa, suka koma gida suka kafa ƙungiyar Grapus a 1970 tare da François Miehe, wadda ta sauya fuskar fostar siyasa da al'adu a ƙasarsu. Alain Le Quernec ma ɗalibinsa ne.

Martabar da shi da tsararrakinsa irin su Jan Lenica da Roman Cieślewicz suka jawo wa sana'ar ce ta sa aka fara gasar fosta ta duniya a Warsaw a 1966, aka kuma buɗe gidan adana fostoci a Wilanów a 1968, irinsa na farko a duniya. A 1976 wata ƙungiyar fasaha ta masarauta a Landan ta karrama shi.

Bayan faɗuwar gurguzu a 1989, kamfanonin fim na waje suka shigo da tallarsu a shirye, fostar mai zane ta bar bakin titi ta koma gidajen wasan kwaikwayo da ɗakunan baje koli da hannun masu tarawa. Tomaszewski ya rasu a Warsaw a watan Satumba na 2005, yana da shekara 91.