Attajirai, Lauyoyi da Akantoci: Su Wa Suka Riƙe Ragamar Asibitocin Ingila?

Kujerun hukumar gudanarwar asibiti a Ingila sun daɗe a hannun mutanen da ba su taɓa yi wa kowa allura ba. Tun daga ƙarni na 16, abin da ya fi nuna wanda zai zauna a kansu shi ne inda kuɗin asibitin ke fitowa. Duk sa'ad da mafitar kuɗin ta sauya, sai sana'o'in 'yan hukumar su bi ta.

Tsofaffin asibitocin Landan, irin su St Bartholomew's da aka kafa a 1123 da kuma St Thomas', da fari a hannun malaman coci suke. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen ibadar Katolika tsakanin 1536 da 1540 ya ƙwace dukiyarsu, asibitocin suka rasa uwa da uba. Mahukuntan birnin Landan suka kai kuka fada. A 1546 aka miƙa musu St Bartholomew's, St Thomas' kuma ya biyo baya a zamanin Sarki Edward na Shida. Daga nan ragama ta koma hannun dattawan majalisar birni da manyan 'yan kasuwa na ƙungiyoyin sana'a. Aikinsu shi ne karɓar kuɗin hayar gidaje da gonakin da aka bar wa asibiti, sayen abinci da gawayi, da bin diddigin lissafi, wato dai irin abin da suka saba yi a shagunansu.

Ƙarni na 18 ya zo da asibitocin sadaka, waɗanda masu hannu da shuni ke haɗa kuɗi su gina. Cikin waɗanda suka assasa asibitin Westminster wajen 1719 akwai Henry Hoare, mai banki. Thomas Guy kuwa, wanda ya kafa asibitin Guy's a 1721, mai sayar da littattafai ne da ya yi ƙazamar riba daga hannun jarin kamfanin South Sea a 1720, ya sayar da nasa kafin farashi ya karye. A yawancin waɗannan asibitoci, duk wanda ke ba da gudunmawar shekara-shekara da ta kai wani adadi ya zama ɗan hukuma ke nan, yana da ƙuri'a, yana kuma da ikon ba maras lafiya takardar shiga. Talakan da ciwo ya kama, in dai ba hatsari ya yi ba, sai ya fara neman wani mai kuɗi ya sa masa hannu kafin ya sami gado. Ta haka masu masana'antu da masu gidajen giya da manyan limaman coci da masu filaye suka cika kujerun.

Likitoci fa? Manyansu ba su karɓar albashi a irin waɗannan asibitoci. Ribarsu ita ce suna, da kuɗin ɗaliban da suke koyarwa, da kuma sabo da attajiran hukumar, waɗanda za su kira su gida idan iyalinsu ba lafiya su biya da tsoka. 'Yan hukumar ne ke zaɓen likita da ƙuri'a, don haka mai neman gurbi yakan bi gida-gida yana neman goyon baya, kuma sau da yawa ɗan gida ya fi gwani samun shiga. Asibitoci da dama ma ba su yarda likitocinsu su zauna a kwamitin gudanarwa ba.

Babu inda wannan tsari ya fito fili kamar Guy's. A 1797 Benjamin Harrison ya gaji mahaifinsa a muƙamin ma'aji yana ɗan shekara ashirin da shida, ya kuma riƙe shi har 1848. Ba likita ba ne, amma naɗi da kora duk da saninsa ake yi, har ake yi masa laƙabi da "Sarki". A zamaninsa ne Thomas Wakley, likitan da ya kafa mujallar The Lancet a 1823, ya buɗe wuta a kan son kai wajen naɗin likitoci. A 1828 mujallar ta ba da labarin wata tiyatar cire tsakuwar mafitsara da Bransby Cooper ya yi a Guy's, wadda ta ja dogon lokaci, majinyacin kuma ya mutu washegari. Ta ce Cooper ya sami muƙamin ne don yana ɗan ɗan'uwan shahararren likita Sir Astley Cooper. Cooper ya kai ƙara ya ci, amma fam 100 kacal aka ba shi cikin 2,000 da ya nema, abin da jama'a suka fassara yadda suka ga dama. Bayan shekara hamsin, a 1879, wani ma'ajin Guy's ya naɗa sabuwar shugabar ma'aikatan jinya ba tare da shawartar likitoci ba. Rigimar da ta biyo baya ta kai har jaridu, kuma a ƙarshenta aka buɗe wa wakilan likitoci ƙofar zama a kwamitin da ke duba al'amuran yau da kullum.

Ba duk waɗannan mutane ne 'yan kama-karya ba. Sydney Holland, lauya kuma daraktan kamfanin tashar jiragen ruwa, ya shugabanci asibitin London daga 1896 har mutuwarsa a 1931, ya kuma ƙware wajen roƙon kuɗi har aka yi masa kirari da sarkin mabarata. Sai dai a zamaninsa aljihun attajirai ya fara gazawa. Ma'aikatan masana'antu da na ma'adinai suka riƙa zuba 'yan kwabbai duk mako a asusun asibiti, da kasonsu ya yi kauri kuma suka nemi kujera, suka samu. Aneurin Bevan, tsohon mai haƙar kwal, ya taɓa zama a kwamitin ƙaramin asibitin garinsu Tredegar a yankin Wales.

Shi ne kuma, yana ministan lafiya, ya mayar da asibitoci hannun gwamnati ranar 5 ga Yulin 1948. Aka kafa hukumomin yanki 14 a Ingila da Wales, da ɗaruruwan kwamitocin gudanarwa a ƙarƙashinsu, asibitocin koyarwa kuma aka bar musu nasu hukumomi 36. Minista ke naɗa 'yan hukumomin yanki, ba albashi. Kansiloli da 'yan ƙungiyar ƙwadago suka shigo, tsofaffin masu sadaka da yawa suka ci gaba da zama, manyan likitoci kuma suka sami kaso mai tsoka, har wani kwamitin bincike, na Guillebaud, ya ba da shawara a 1956 kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Salon asibitin koyarwa mai hukumarsa ne aka kawo Ibadan, inda Sir Kofo Abayomi, likitan ido daga Legas, ya shugabanci hukumar asibitin jami'a daga 1958.

Juyi na gaba daga kanti ya fito. A 1983 gwamnatin Margaret Thatcher ta gayyaci Roy Griffiths, babban jami'in kamfanin manyan kantuna na Sainsbury's, ya duba yadda ake tafiyar da asibitoci. Ya tarar likita da nas da ma'aji da jami'in mulki kowa na iya hana yanke shawara, amma babu wanda za a tuhuma in abu ya lalace, sai ya ce a naɗa manaja guda a kowane mataki. Wata doka ta 1990 ta kammala aikin: daga Afrilun 1991 asibitoci suka fara samun hukumomi irin na kamfani. Rabin kujerun na ma'aikata ne, wato shugaban gudanarwa, daraktan kuɗi, babban likita da babbar nas. Ɗaya rabin na mutanen waje ne da ake biya alawus, galibinsu 'yan kasuwa, akantoci, lauyoyi da malaman jami'a. Kansiloli suka rasa kujerar da a da take tasu ta hakki.

Daga 2004 wasu asibitoci suka sami ƙarin 'yancin kai, tare da majalisar wakilai da jama'ar gari da ma'aikata ke zaɓa, wadda ke naɗa daraktocin waje. Wannan matsayi ne hukumar asibitin Stafford ta sa a gaba, tana rage ma'aikata don lissafi ya daidaita, alhali a shekarun 2005 zuwa 2009 majinyata na kwance cikin ƙazanta da ƙishirwa. Rahoton lauya Robert Francis na Fabrairun 2013, mai ɗauke da shawarwari 290, ya ɗora wa hukumar laifin rashin sauraron majinyata da ma'aikata. A 2014 aka kafa ƙa'idar da ta wajabta tantance hali da cancantar duk wanda za a ba kujerar darakta a asibitin gwamnati, tare da haramta ta ga wanda aka samu da hannu a mummunan sakaci ko rashin gaskiya a wani wurin aiki.