Yadda Ƙwayar Wake Ta Shiga Aji

Yaron ƙauye a ƙasar Hausa bai taɓa jiran makaranta ta sanar da shi cewa iri na tsira ba. Tun yana ɗan ƙarami yake bin mai saran shuka riƙe da 'yar ƙwarya, yana jefa gero a rami yana rufewa da diddige. Ya san binne, ya san idan ruwa ya ɗauke bayan shuka sai an sake. To me ya sa aka ga dacewar a zaunar da shi a aji a koya masa yadda tsiro ke girma?

Abin ya faro ne daga ƙasashen da yara suka fara nisa da gona. A Jamus, Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara wajen 1840, ya ware wa kowane yaro ɗan filin da zai shuka ya kula da shi da hannunsa. A 1869 dokar ilimi ta Ostiriya ta nemi makarantun karkara su mallaki lambu. A Amurka kuwa tsoro ne ya kawo shi: a shekarun 1890 noma ya shiga mawuyacin hali a jihar New York, matasa na tururuwa zuwa birni, sai aka ɗora wa Jami'ar Cornell aikin cusa wa 'yan firamare son tsirrai da ƙwari. Daga wannan aiki ne Anna Comstock ta fitar da babban littafinta na malamai a 1911.

Da darasin ya iso mu, sai ya zo da wata manufa dabam. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa karatu da aikin hannu. Bayan haka ayarin Phelps-Stokes ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921, ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tare da James Aggrey na ƙasar da ake kira Gana a yau. Sun ba da shawarar a yi koyi da makarantun baƙar fata na kudancin Amurka irin su Tuskegee, inda noma ke kan gaba. A 1925 gwamnatin Ingila ta mayar da wannan ra'ayi manufarta ta ilimi a Afirka. Can a ɓangaren Faransa ma, Jules Brévié, tsohon gwamnan Nijar, ya yaɗa makarantun karkara masu gonaki a shekarun 1930.

A nan aka yi kuskuren da har yau muke fama da shi. An ba yaro fartanya, amma ba a ba shi damar tambaya ba. Uban da ya sadaukar da ɗansa ga boko, duk da zargin da ake yi wa bokon, bai yi haka don a mayar masa da shi mai huɗa da noman ciyawa ba, abin da shi kansa ya fi malamin iyawa. Ga kuma al'adar tura mai laifi lambu, wadda ta sa yara suka ɗauki gonar makaranta wurin horo. Ina ganin iyayen nan suna da gaskiya.

Gyaran ya zo ne daga Kano. A 1965 aka yi wani taro a birnin, inda aka ƙaddamar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka, wanda daga baya, a 1970, ya koma hannun 'yan Afirka da hedikwata a Akara. Ra'ayin masu shirin shi ne yaro ya taɓa, ya gwada, ya gani da idonsa, da kayan da ke kusa da shi. A jiƙa wake a gwangwani, a bar wani a bushe, a nutsar da wani cikin ruwa, a saka wani a duhu. Cikin mako guda yaro zai ga busasshen bai motsa ba, nutsattsen ya ruɓe don rashin iska, saiwa ce ke fara fitowa ta nufi ƙasa ko yaya aka kwantar da ƙwayar, na duhu kuma ya yi tsawo amma fari fat, ba ƙarfi.

Wannan shi ne abin da gona kaɗai ba ta koyarwa. Tambayi manomi daga ina kuka ta samo jikinta, zai ce daga ƙasa. Haka masana ma suka ɗauka, har Jan van Helmont ya shuka itace a tukunya, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai: itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa ba ta ragu da ko giram 100 ba. Shi ya zaci ruwa ne, sai daga baya aka gano cewa ganye na gina jikin itace daga iska da ruwa, da ƙarfin hasken rana. Wake na duhu shi ne matakin farko na fahimtar wannan.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika ajujuwa maƙil, aka horar da malamai cikin gaggawa, a daidai shekarar da gwamnatin Obasanjo ke kiran makarantu su koma gona don ciyar da ƙasa. Yara sun yi yawa, filayen lambu suka zama ajujuwa, darasin ya koma kan allo. Yau yana nan cikin manhajar kimiyya ta firamare, amma yara da yawa na haddace sassan tsiro ba tare da sun tone ko guda ba. Babban hutu kuma yana faɗowa a Agusta, tsakiyar damina, lokacin da gonar makaranta ta fi buƙatar hannu, shi ya sa malamin da ke son yara su ga tsiro tun daga saiwa har fure yake dogara da gwangwani da bakin taga.