Nas Uku da Zazzaɓin Lassa

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, musamman ku da kuka rungumi aikin jinya bayan mun bar makaranta, ga wani tarihi da ya shafe ku.

A watan Janairun 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kwanta ciwo a asibitin mishan na garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Lily Pinneo, wadda ta kula da su biyun, ciwon bai bar ta ba. Aka garzaya da ita Amurka, da yake da sauran kwana, ta tashi.

Daga jininta masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar. Da ɗayansu, Dokta Jordi Casals, ya kamu, ruwan jininta aka ƙara masa, ya warke.

Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da cutar ta sake ɓarkewa a Jos a 1970, baiwar Allah nan ta tattara kayanta ta dawo bakin aiki.