Waje: Kanon da Turawa suka gina a bayan ganuwa

Wanda ya je Miga ko Dutse neman sawun Turawan mulki, zai dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa shi ne, har zuwa 27 ga Agusta, 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, wannan yanki ƙasar Kano ne. Harajinsa can yake tafiya, gyaɗarsa ma haka. Ko layin dogon da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930, ta Ringim da Malam Madori ya bi, ya bar Dutse a gefe. Don haka gine-ginen zamanin suna Kano, a yankin da ake kira Waje.

Da Kanar Morland ya ci birnin a Fabrairun 1903, Turawa ba su zauna cikin ganuwa ba. Gabas suka fita, Nasarawa da Bompai. A Nasarawan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Abin lura, tsohon ɗan mishan ne, amma makarantar ta gwamnati ce, ba ta coci ba. Gidansa na ƙasa yana nan har yau.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo, da Gwalkwas. Ina za a sauke su? Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma razdanoni ba sa son baƙin nan masu ilimin boko su cuɗanya da talakawan sarki. Sai aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913, tituna a miƙe kamar an ja da zare, aka kuma cire shi daga ƙarƙashin alƙalan birni. Nan coci-coci suka samu wuri, irin su Holy Trinity ta Angilikan. Su kuwa Turawa, nasu wurin ibadar daban, St. George a Bompai. Addini ɗaya, amma launin fata ya raba musu ƙofa. Kwarori suka kama gefen Fagge, inda Kantin Kwari ya samo suna.

Mishan ba ta samu shiga ƙasar sarki sosai ba sai a shekarun 1930, ta hanyar magani: asibitin kutare na Yadakunya, daga baya asibitin ido na SIM, wanda yau ke hannun ECWA.

A ganina, wannan rabe-raben ya sauƙaƙa wa Bature mulki, amma ya bar maƙwabta ba su san juna ba, kuma an ga sakamakonsa a rikicin Kano na Mayun 1953.

Ɗan Miga da ya shigo Kano sayayya, ya daure ya leƙa Gidan Ɗan Hausa kafin ya koma tasha.